Zuwa ga Uwata, Mai Duba Lafiyar Leburori a Tsafe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Assalamu alaikum, Uwata. Daga nan gida Bungudu nake gaishe ki, gaisuwar uba ga 'yar da ta ci sunan mahaifiyarsa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Gwaggonki Asabe da duk mutanen gidan da suka karɓe ki. Allah Ya tsare ki a zaune, Ya tsare ki a tsaye, Ya tsare ki a kan hanya. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Ranar da kika isa Tsafe kin kira waya, na ɗauka, na ji muryarki kamar daga cikin rijiya. Kina ta magana ina ta cewa "madalla, madalla," alhali ko rabin abin da kike faɗa ban kama ba. Daga ƙarshe na miƙa wa Innarki, na zauna ina kallon bakinta, ina jiran ta gaya mini abin da 'yata ta ce. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ki yi haƙuri.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Tun da aka ji kamfanin casar shinkafa ya ɗauke ki ki riƙa duba lafiyar ma'aikatansa, mutane ke shigowa yi mini murna, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi. Su farar riga suke gani da ofis. Ni kuwa ƙuruciyata kaf a gidan gurzar auduga na Gusau ta ƙare. Na fara da ɗaukar dila a ka, na koma bakin inji, na gama ina heluma, wato mai kula da leburori. Na san abin da inji ke yi wa mutum, na kuma san abin da mutum ke yi wa kansa a gaban inji. Karatun lafiya ke kika yi, ba ni ba, don haka ba magani zan koya miki ba. Abin da nake da shi kurakuraina ne. Su zan zuba miki, ki tsinci abin da zai amfane ki.

Bari in fara da kunnen nan.

Wata shekara aka kawo kwali daga ofis, cike da takunkumin rufe hanci da wasu 'yan robobi na toshe kunne. Akawu ya tsaya bakin ƙofa yana miƙa wa kowa nasa kamar rabon goron suna. Bai ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. A lokacin ina ji da ƙarfi. Na ɗauki robar na sa a kunne, sai wani daga baya ya ce, "Ku zo ku ga Garba, an yi mai 'yan kunne, saura lalle!" Aka kwashe da dariya. Na cire na jefa aljihu, da na dawo gida na ba yayanki, yana rarrafe a lokacin, ya yi wasa da ita. Takunkumin kuwa wuni guda na yi da shi. Zafi ya dame ni, ba halin tauna goro, na rataye shi a ƙusa, a nan ya tsufa. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, samarin da ke bakin inji tare da ni, ni suke kallo. Ina cirewa kowa ya cire.

Ba rana ɗaya kunnen ya tafi ba. Da farko in an tashi aiki sai in riƙa jin kamar gyare na kuka a cikin kaina. Sai Innarki ta fara cewa ina magana a gida kamar mai faɗa. Sai na fara sammakon sahun farko a masallaci, mutane suna cewa Garba ya ƙara riƙon ibada, alhali karatun liman nake bi, don daga baya ba na jin sa. Yau ga shi muryar 'yata ta gagare ni.

To, Uwata, in an ba ki irin kayan nan ki raba, kada ki yi rabon akawu. Ki fara gano wanda suke jin nauyinsa a cikinsu, da kuma wanda ya fi kowa iya ba'a. Waɗannan biyu in suka sa, an gama. In suka ƙi, ko kwali nawa kika raba a ƙusa zai ƙare. In kin ga sun cire, kada ki fara da faɗa, ki tambayi dalili. Wani zai ce miki in ya toshe kunne ba ya jin kiran abokin aikinsa. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ma haɗari ne, sai ku zauna ku shirya yadda za a riƙa magana da hannu. Ke ma kuma, duk sanda za ki shiga ɗakin inji ki sa naki, ko leƙawa kawai za ki yi. Ƙaiƙayin shinkafa ban san shi ba kamar yadda na san burɓushin auduga, amma ba na jin ƙirji yana bambanta su. Mutanen da muka yi aiki tare, da yawa da tari suka tsufa.

Na biyu ya fi wannan nauyi.

Kin san Baba Ɗanjuma na 'Yankuzo, wanda yakan zo mana da Sallah yana tafiya a duƙe, ya kawo muku gyaɗa a ƙullin leda. Ke tsoho mai sanda kika sani. Ni na san shi lokacin da yake ɗaga dilar da mutum biyu ke kamawa, ya hau katako da ita zuwa bayan mota yana waƙa. Tare aka ɗauke mu aiki, kwano ɗaya muke ci.

Maganar da zan yi tana da nauyi tsakanin uba da 'ya, amma ke ma'aikaciyar lafiya ce yanzu, kuma dole ki gamu da irinta. Ƙaba ce ta kama shi, irin wadda ke kama masu ɗaukar kaya. A lokacin an riga an naɗa ni heluma. Na lura ya fara ɗaure ƙugu tamau da wani tsohon rawani. Na lura in ya sauke dila sai ya juya wa mutane baya, ya danna mararsa da hannu yana cije leɓe. Waƙar ma ya daina. Duk na gani. Kuma na tambaye shi, ba wai ban tambaya ba. Amma a tsakiyar fili na tambaye shi, leburori suna zaune ana cin abincin rana, da muryar nan tawa da ta riga ta fara ƙarfi.

Na ce, "Kai Ɗanjuma, mi ya same ka kake riƙon ciki awa mai juna biyu?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Ya ce, "Lahiya lau, Heluma. Wake na ci da sahe."

Na karɓi wannan amsa don ta fi mini sauƙi. Motoci suna layi suna jiran lodi, shi kuma aikin mutum biyu yake yi mini.

Kada ki ɗauka ba mu da inda za mu je. Kamfanin yana da ɗan ɗakin shan magani, da malamin asibiti mai zuwa yana zama. Amma duk wanda ya shiga ɗakin nan, sunansa sai ya kai teburin manaja. In kakar auduga ta ƙare aka tashi rage mutane, da su ake farawa. Ba wanda ya taɓa faɗin haka da baki, kowa dai ya gani da ido. Sai ɗakin ya koma inda malamin ke barcin rana. Mutum yana tari har da jini gara ya sayi ƙwaya a bakin ƙofar kamfani ya haɗiye a ɓoye.

Wata rana bayan Azahar ana lodin babbar mota, Ɗanjuma ya hau katako da dila a ka, sai ya tsaya cak a tsakiya. Dilar ta zame ta baya. Ya durƙusa a nan kan katakon yana amai, zufa tana zuba kamar an watsa masa ruwa. Muka sauko da shi muka sa a bayan akori-kurar kamfani, kansa a kan cinyata, muka nufi asibiti cikin gari. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya damƙe hannuna. Har yau in na tuna ina jin farcensa.

Likita ya ce hanji ne ya sauko ya maƙale, har ya fara lalacewa. Ya dube ni ya ce da an kawo shi tun abin yana fitowa yana komawa, da ƙaramin aiki ne. Aka yi tiyata, aka yanke abin da ya lalace. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Amma tun daga ranar ko buhun dusa bai sake ɗauka ba. Yana da ƙananan yara a lokacin. Matarsa ce ta koma yin ƙuli-ƙuli ta riƙe gidan.

Da ya fara samun sauƙi na je duba shi, na zauna bakin gado. Na ce, "Don Allah Ɗanjuma, mi ya hana ka gaya min? Tare munka hwara aikin ga."

Ya kalli sama. Sannan ya ce, "Garba, gaban mutane ka tambaye ni. Da ka ja ni bayan masallaci, mu biyu, da na hwaɗa ma. Na yi ta jiran ka ja ni."

Bai taɓa sake tayar da maganar ba har yau.

Uwata, abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ke yarinya ce, ba ki yi aure ba, mutanen da za ki duba kuwa wasunsu sun haife ki. Namiji ya gwammace ya faɗi a kan katako da ya buɗe baki ya gaya wa sa'ar 'yarsa abin da ke ƙasan cibiyarsa. Kada ki zauna a ofis kina jiran su zo, ba za su zo ba. Ki fita ki riƙa kallon yadda suke tafiya, da yadda suke sauke buhu, da wanda ya bar abincinsa, da wanda da can mai surutu ne yanzu ya yi shiru. In kin ga abu, kada ki tambaya a cikin mutane, ko da wasa. Musamman da wasa. Ki samu dattijo guda mai riƙon asiri a cikinsu, ki girmama shi, ki kira shi Baba, shi zai riƙa kai miki abin da kunya ta hana a kawo. In abin na namiji ne ya duba, ki tura mutum asibiti ba tare da kin sa ya tuɓe a gabanki ba. In ya ce sai an gama kaka, kada ki yarda da shi.

Kuma tun yanzu, tun ba a saba ba, ki nemi zama da mai kamfanin ku yi magana a kan asirin ɗakinki. Ki gaya masa za ki riƙa sanar da shi irin ciwon da ya yi yawa da inda yake fitowa, amma ba za ki ba shi sunan kowa ba. Ranar da aka kori mutum guda saboda abin da ya gaya miki, ranar aikinki ya mutu, ko da kuwa ana ci gaba da biyan ki. Abin da aka faɗa miki a ɗakin nan kada Gwaggonki ta ji, kada ƙawarki ta ji. Ni ma in na tambaya kada ki gaya mini.

Akwai wani abu da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa ban gan shi ba. Muna da mata masu tsintar datti daga cikin auduga kafin ta shiga inji. A wata rumfa suke zama can ƙarshen fili, yawancinsu zawarawa da dattijai. Akwai randa a kusa da su, kullum a cike. Ni har yabon su nake yi a raina, ina cewa mata sun fi maza juriya, ba su cika tashi ba. Wata rana Innarki tana zuba mini tuwo ta ce ƙawarta Tumba ta Rawayya, wadda ke cikin masu tsintar, ta sake kwanciya da ciwon mara.

Na ce, "Allah Ya sawwaƙe. Matan rumfar nan ciwon mara ya yi musu yawa."

Ta ajiye marar kwasar tuwon ta dube ni. Ta ce, "Malam, wai kai ba ka san ba su shan ruwa ba?"

Na ce, "Ga randa a gabansu?"

Ta ce, "In sun sha su zaga ina? Makewayi guda ne a gidan nan naku, ba ƙofa, kuma a gaban inda maza ke zama yake. Tun da asuba suke daina shan ruwa, sai sun koma gida."

Tuwon nan ban gama shi ba. A zafin bazarar Gusau, mace ta wuni ba ruwa, a cikin burɓushin auduga, kuma ni ne heluma. Ba wanda ya ɓoye mini. Ban dai taɓa tambaya ba, su kuma ba za su iya gaya wa namiji ba. A nan ke kin fi ni sa'a, abin da ya gagare ni ji ke za a gaya miki. In ba ki riga kin yi ba, gobe-goben nan ki je da ƙafarki ki ga makewayin matan kamfaninku, ki shiga ciki, ki rufe ƙofa ki ga ko tana rufuwa. Ki ga inda suke ɗiban ruwan sha. Ki ga ko mai goyo tana da inuwar da za ta zauna ta shayar. Ki ga mai ciki ko har yanzu ita ke jan buhu a shanya. Waɗannan ba su kama da aikin asibiti ba, amma rabin ciwon da za a kawo miki daga nan yake tasowa.

To ji kuma wautar da na tafka a kan maganar. Washegari na tashi da zuciya, na wuce kai tsaye ofishin manaja, ban ko yi sallama ta kirki ba. Ashe yana da baƙi, manyan masu sayen auduga. A gabansu na zazzage masa, na ce ana azabtar da bayin Allah a gidan nan. Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Heluma, in ka gama wa'azin, motoci na jira." Ya juya ga baƙinsa. Daga ranar maganar makewayi ta zama maganar girmansa, ko ambatonta ba ya so a yi. Matan nan suka ƙarasa kakar gaba ɗaya a haka, saboda bakina. Ni na huce, su suka biya.

Sai da wata kakar ta zagayo na koma. Na same shi shi kaɗai, ya idar da sallar La'asar yana zaune a kan buzu. Na gaishe shi, na ba shi haƙurin abin da ya wuce. Na ce ba komai nake nema ba sai izni da ɗan wuri a bayan rumfa, leburori sun ce za su haƙa wa matan makewayi da kansu, zana kuma ni zan kawo daga gida. Na ce masu tsintar nan in suka daina kwanciya ciwo, inji zai daina tsayawa jiran auduga. Ya ce, "A yi masa ƙofar kwano, zana ba ta daɗewa." Shi ya ba da kwanon.

Saboda haka ki iya bakinki da mai kamfani. Ban san shi ba, ba zan ce mugu ne ba, ba zan ce waliyyi ne ba. Mutum ne mai son injinsa ya juya. Ki same shi shi kaɗai. Ki je masa da matsala tare da hanyar gyaranta. Ki nuna masa inda shi ma zai amfana, ki bar shi ya ɗauki yabon in an yi. Amma akwai inda ba a lanƙwasa. In ya ce ki rubuta mutum lafiyarsa lau alhali kin san ba haka ba ne, ko ki yi shiru a kan abin da kika san zai kashe wani, kada ki yi. Ki faɗa masa da ladabi, ki sake faɗa. In ya ce ki zaɓa tsakanin gaskiya da aikinki, ki ɗauko jakarki ki dawo. Ɗakinki yana nan, ba mu zuba masa hatsi ba.

Akwai kuma abin da mu ba mu sani ba a zamaninmu, ba ni da kuskuren da zan ba ki a kansa, tsoro kawai gare ni. Mu da can in an tashi aiki mutum ya hau kekensa ya nufi ƙauye ko Magariba ta yi, ba ya tunanin komai sai abinci. Yanzu kin san yadda hanyoyin nan suka koma. A cikin ma'aikatanku akwai masu fitowa daga wajen 'Yankuzo da ƙauyukan bayanta. Ki roƙa musu a riƙa sallamar su da sauran rana. Buhun da bai cika yau ba, gobe zai cika. Kuma ki sani wani zai zo aiki alhali ɗan'uwansa yana hannun mutanen daji, ko an tashe su daga garinsu iyalinsa suna raɓe a gidan wani. Zai zo don ba yadda zai yi, amma jikinsa ne kawai a wurin. Irin wannan kada a bar shi kusa da bel ɗin inji ko tukunyar turara shinkafa. A ba shi shara, a ba shi ɗinkin buhu, har hankalinsa ya dawo. Ba zai ce miki ba shi da lafiya ba, don shi ma bai san sunan abin da ke damunsa ba. Zai ce kai ke ciwo, ko barci ya ƙi. Ki ba shi kujera, ki bar shi ya yi magana, kada ki yi saurin miƙa masa ƙwaya don ya tashi.

Ke kuma kanki. Na san halinki, nawa kika ɗauko. In kika sa aiki a gaba sai a yi ta kiran ki abinci yana hucewa. Ni a tsaye na ci abincin rana yawancin rayuwata, ina ci ina ƙirga motoci da ido, ina ganin hakan shi ne riƙon amana. Ba wanda ya ba ni lambar yabo. Ki karya kumallo kafin ki fita. Ki zauna ki ci na rana, a gabansu ma, don su ga ba laifi ba ne mutum ya zauna. Ranar hutunki ta zama ranar hutu. In wani ya ji rauni ko ya rasu duk da ƙoƙarinki, kada ki haɗiye abin ke kaɗai, ki samu babbar ma'aikaciyar lafiya a garin wadda za ki riƙa kai wa kuka da tambaya. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ki tura gaba. Kada ki shiga mota bayan La'asar, ko wa ya ce ki zo, ko an ce ni ne ba lafiya.

Na faɗi wannan na ƙarshe da dalili. Da na kai nan a rubutu na karanta wa Innarki, ina jiran ta ce na yi ƙoƙari. Ta saurara har ƙarshe tana tankaɗe. Sai ta matso kusa da kunnena mai ɗan dama-dama ta ce, "Duk ka gaya mata yadda za ta kama masu ɓoyon ciwo. Ka gaya mata jirin da ke ɗibar ka in ka ɗago daga ruku'u?"

Na ce gajiya ce.

Ta ce, "Wake ka ci da safe ke nan."

Na ajiye biron, na sa hula, na tafi asibitin nan namu na Bungudu na bi layi. Wata yarinya ce ta auna ni, ba za ta girme ki ba. Ta ɗaura mini abin awon a hannu, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta ce, "Baba, tun yaushe kake jin jirin?" Na buɗe baki zan ce lafiya lau, Allah Ya taimake ni na ce tun kafin damina. Na gaya mata har da ciwon ƙeya da ban taɓa gaya wa Innarki ba. Ta ce jinina ya hau sosai, amma an zo da sauran dama. An ba ni magani, an hana ni gishiri da yawan goro, an ce in riƙa dawowa awo. Na fara sha. Innarki ta karɓe kwalbar ta ajiye a ɗakinta, ita ke ba ni da hannunta, ba ta yarda da ni ba.

Kada ki taso saboda wannan. Ina tafiya masallaci da ƙafata, ina zuwa gona. Ki tsaya ki kama aikinki, mutanen can sun fi ni bukatar ki yanzu. In hutunki ya zo, ki shigo motar safe, wadda ta cika da mutane, ki zo da abin awonki. Wannan karon zan miƙa hannu.

Allah Ya sa ki shiga gidan nan da ƙafar dama. Allah Ya ba ki idon gani da bakin da zai iya faɗa, Ya sa waɗanda aka damƙa miki su riƙa komawa ga iyalansu da gaɓoɓinsu cikakku. Allah Ya kare ki daga sharrin inji da sharrin hanya da sharrin mutum. Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya maido da waɗanda ke daji gidajensu. Ki gaishe da Gwaggonki, ki yi mata biyayya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki riƙa sa ni a addu'a.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Malam Garba Heluma, Bungudu.